Ƙaramar na'urar lissafi ta kasuwannin Yamai: ta dace da teburin shago, ba ta dace da jakar ɗan firamare ba

Idan watan Oktoba ya gabato, teburan masu kayan makaranta a Babbar Kasuwa da Wadata da Katako sukan cika da littattafan rubutu da alluna da alli da biro da jakunkuna, kuma a ƴan shekarun nan wata ƙaramar na'urar lissafi ta samu gurbinta a tsakiyar waɗannan kaya. Ba ta wuce tafin hannu ba, jikinta roba ne, takan zo ja ko shuɗiya ko ruwan hoda, wata har da hoton dabba a murfinta, abin da ke nuna cewa yara ƙanana aka nufa da ita. Sunayen da ake bugawa a goshinta suna da yawa, amma aikinta kusan ɗaya ne: gilashi mai ɗaukar lambobi 8, maɓallan tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, maɓallin kashi cikin ɗari, da ƴan maɓallan ajiyar lamba. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, shi ya sa uban da ya zo da takardar kayan makaranta ba ya jin nauyin ƙara ta a kan sayayyarsa, ko da makaranta ba ta rubuta ta ba. Na saye ta, na yi aiki da ita, na kuma ga abin da take yi a hannun yaran gidanmu da na maƙwabta da nake taimaka wa da bitar karatu bayan sallar magariba, kuma a kan wannan ne zan yi magana.

Hukuncina a kanta ba mai tsawo ba ne. Ga babban da ya riga ya iya lissafi, kaya ce mai biyan kuɗinta. Ga yaron da ke ajin CI ko CP ko CE1 ko CE2 kuwa, wato azuzuwa huɗu na farkon firamare, ban ga dalilin da zai sa a saya masa ita ba, na kuma ga dalilai masu ƙarfi da za su sa a hana shi. Daga CM1 zuwa CM2, azuzuwa biyu na ƙarshen firamare, akwai ɗan gurbin da za ta iya shiga, amma a hannun babba za ta zauna, ba a jakar yaro ba.

Ƙirar jikinta daidai take da kuɗinta. Maɓallan suna da laushi kuma lambobin suna fitowa manya, ana karanta su ba tare da wahala ba, wannan abin yabo ne. Sai dai ba a yi ta domin yanayinmu ba. A watannin Afirilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, idan aka bar ta a rana ko cikin jakar da ke kan babur, gilashinta yakan yi baƙi, sai ta huce kafin lambobi su dawo. Lokacin hunturu kuma ƙura takan shige ƙarƙashin maɓallan, sai wani ya fara ƙin amsawa ko ya riƙa buga lamba sau biyu a taɓawa ɗaya, wanda shi ne lahani mafi muni, domin na'urar da ta mutu kowa ya san ta mutu, amma wadda ta rubuta 550 a maimakon 50 tana ba da amsar ƙarya ne ba tare da wata alama ba. Wadda na saya tana da ɗan baƙin layi a sama mai kama da farantin hasken rana, amma da na cire batirin na kai ta tsakar gida da tsakar rana ba ta ko motsa ba, ashe layin ado ne kawai. Abin da ya fi damuna shi ne batirin kansa. Ƙarami ne mai kama da maɓallin riga, murfinsa kuma a wasu ba shi da kusa, yaro zai iya buɗe shi da farce. Irin wannan batir idan ƙaramin yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin ƴan sa'o'i, kuma gidajenmu ba su rabuwa da masu rarrafe. Ko ba a zo maganar karatu ba, wannan kaɗai ya isa uwa ta duba bayan na'urar kafin ta bar ta a tsakar gida.

Amma babban zancen yana ga yadda take lissafi, domin mutane da yawa sun ɗauka cewa na'ura ba ta kuskure, alhali kuwa tana da hanyarta ta aiki wadda ba kullum take dacewa da abin da ake koya wa yaro a aji ba. A ɗauki yaron da aka aika ya sayo sabulu na sefa 300 da littattafai 4, kowane ɗaya sefa 150. Idan ya buga 300, ya tara da 4, ya ninka da 150, kamar yadda aka rubuta a takarda, wannan na'urar za ta nuna masa 45600, saboda tana aiki ne daga hagu zuwa dama, ta fara tara 300 da 4 sannan ta ninka abin da ta samu. Amsar gaskiya 900 ce, domin ƙa'idar lissafi ita ce a fara ninkawa kafin tarawa. Babba yana ganin 45600 zai san akwai matsala, domin ya san sabulu da littattafai huɗu ba za su ci jikka arba'in da biyar ba. Yaron da bai riga ya san girman lambobi ba kuwa kwafe ta zai yi a littafinsa da hankali kwance, idan ka tambaye shi kuma ya ce na'ura ce ta faɗa. Na ji wannan amsa daga bakin yara har ta dame ni, domin yaron da ya faɗe ta ya riga ya daina ɗaukar kansa a matsayin mai alhakin amsar.

A wajen rabawa abin ya fi fitowa fili. A firamare ana koya wa yaro cewa idan aka raba dabino 17 ga yara 5, kowa zai samu 3, saura 2. Na'urar ba ta san saura ba, 3.4 take nunawa, kuma mafi yawan yaran da na gwada da su sun karanta wannan da cewa kowa ya samu 3, saura 4, abin da ba zai yiwu ba ga wanda ya taɓa raba dabinon da hannunsa. Idan aka ce mutum 50 za su tafi ɗaurin aure a Harobanda, kowace taksi tana ɗaukar mutum 4, na'urar za ta ce 12.5, kuma sai mai hankali ne zai san cewa taksi 13 za a tsayar, tunda ba a hayar rabin mota. Ga kuma rikicin alama: a makarantunmu waƙafi ake sa wa tsakanin cikakkiyar lamba da gutsurenta, a rubuta 3,4, ita kuwa na'urar ɗigo take sawa, wasu ma sukan nuna wata alama mai kama da waƙafi domin raba dubbai, sai yaro ya karanta dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin a matsayin ɗaya da ƴan kai. Haka lissafin lokaci, wanda ake yi a manyan azuzuwan firamare. Awa ɗaya da minti 30 idan aka ƙara minti 45 ya zama awa 2 da minti 15, amma yaron da ya buga 1.30 ya tara da 0.45 zai ga 1.75, domin na'urar ba ta san cewa minti 60 ne ke cika awa ba. Ko a rabon gado, inda ake magana da sulusi da sudusi da sumuni, ba ta iya riƙe kason yadda yake. Idan ka raba 1 gida 3 ka sake ninkawa da 3, wadda ke hannuna 0.9999999 take ba ni a maimakon 1. Duk waɗannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta, kuma wanda ya san lissafi yana gyara su a ransa ba tare da ya lura ba. Yaro ba shi da abin da zai gyara da shi.

Akwai wani abu da ya keɓanta da mu, wanda nake ganin ya fi duk waɗannan nauyi. Mu a nan ba da sefa muke magana a kasuwa ba, da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Sefa 100 dala ashirin ce, 500 dala ɗari, 1000 jikka guda. Ke nan duk yaron da ya tashi a Yamai yana rayuwa ne tsakanin ƙidaya biyu, ta takarda da ta baki, kuma kullum sai ya ninka da 5 ko ya raba da 5 kafin ya haɗa su. Idan an rubuta 250 a jikin kaya, mai shago kuma ya ce sukari dala sittin ne, jimla sefa 550 ce, wato dala ɗari da goma, amma mai dogaro da maɓalli zai tara 250 da 60 ya samu 310. Yarinyar da ke tallar ƙosai ko gyaɗa, wadda wataƙila ba ta taɓa zama a aji ba, tana yin wannan juyi cikin ƙiftawar ido, tana ba da canji ba ta cuci kanta ba, ba ta cuci mai saye ba. Ba ina yabon talla ba ne, domin wurin yarinyar makaranta ne. Abin da nake nufi shi ne, ƙwaƙwalwar yaranmu tana da wannan iyawa, kuma yawan yi ne ya ba ta ita. Abin takaici ne a ce ɗan makaranta mai jaka da takalmi ya kasa abin da ƴar talla ke yi, saboda an sa masa na'ura a hannu a daidai shekarun da ya kamata kansa ya saba da aikin. Ba shi ita a wannan lokaci kamar a ci gaba da goya yaron da ya isa tatata ne: za a isa inda za a je da wuri, amma ƙafar ba za ta yi ƙwari ba.

Ya kamata iyaye su san abin da malami ke ƙoƙarin ginawa a ƙananan azuzuwa, domin a nan ne za su gane abin da na'urar ke tsallakewa. A CI da CP ana sa yara su zo da ƴan tsinkaye ko murafun kwalba, su ƙirga, su ɗaure goma-goma, har yaro ya gane da hannunsa cewa 34 ɗauri uku ne da tsinke huɗu, kuma 3 ɗin da ke cikin 34 ba daidai yake da 3 ɗin da ke cikin 43 ba. Daga nan ne ake zuwa tarawa mai riƙo, inda yaro zai ce na rubuta 2 na riƙe 1, kuma ya san cewa ɗayan da ya riƙe ɗauri ne na goma. Ana kuma yin lissafin ka da tsarin nan da malamanmu suka gada, wanda ake kira La Martinière: malami ya faɗi tambaya, yara su yi shiru su yi tunani, ya buga tebur su rubuta a allo, ya sake bugawa su ɗaga allunan sama, sai ya ga amsar kowa a kallo ɗaya. A ajin da yara suka yi yawa, kamar yadda yake a makarantun gwamnati da dama a birnin nan, wannan ce hanyar da malami ke gane wanda ya fahimta da wanda aka bari a baya. Yaron da ya yi aikin gida da na'ura yakan kawo littafi mai tsabta, kowace amsa daidai, sai malami da iyaye su ɗauka ya iya, har ranar da za a ce a ɗaga allo. Wannan ɓoyewar ita ce illar da na fi tsoro, domin tana jinkirta gano raunin yaro har sai ya kai ajin da gyara ke da wuya.

Kuma ba mu da rarar da za mu yi wasa da ita. Binciken PASEC, wanda ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu amfani da Faransanci ke gudanarwa, ya auna ɗaliban ƙasashe 10 a shekarar 2014, ya samu cewa a Nijar waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a lissafi a ƙarshen firamare ba su kai 10 cikin 100 ba. A zagayen 2019, da aka yi a ƙasashe 14, an samu ci gaba na a zo a gani, amma duk da haka ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ba na'urar lissafi ce ta jawo wannan ba, musabbabansa sun haɗa da cunkoson aji da ƙarancin littattafai da horon malamai da kuma koyo cikin harshen da yaro bai tashi da shi ba. Amma ƙasar da ke fama da irin wannan rauni ba ta buƙatar wani abu da zai ƙara rage yawan lissafin da yaro ke yi da kansa. Abin lura ne cewa shirin nan na Makaranta Domin Kowa, da aka fara a jihar Tawa a 2004 tare da hukumar JICA ta Japan, da ya zo ga gyaran lissafi, littattafan atisaye ya sa a gaba, yara suna zama bayan an tashi daga aji suna yi da hannu, jama'ar gari suna tsaya musu.

Adalci ne a kawo hujjar ɗaya ɓangaren, domin ba ƙarama ba ce. A shekarar 1986 wasu masu bincike biyu a Amurka, Hembree da Dessart, sun tattara sakamakon bincike 79 da aka yi a kan amfani da na'urar lissafi a makarantu. Sun samu cewa idan aka haɗa ta da koyarwar da aka saba, ba ta rage iyawar ɗalibai ta lissafi da fensir da takarda ba, a mafi yawan azuzuwa ma ta ɗan ƙara ta, ta kuma sa yara sun fi son darasin. Amma sun keɓe aji ɗaya, aji na huɗu, na yara masu shekara 9 zuwa 10, inda yawan amfani da ita ya kawo cikas ga matsakaitan ɗalibai, kuma wannan shi ne lokacin da ake kafa ninkawa da doguwar rabawa. Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne, a waɗannan bincike malami ne ke tsara yaushe za a fito da na'urar da kuma abin da za a yi da ita. Wannan daban yake da yaro shi kaɗai a ɗaki da aikin gida da na'ura a gefe. Ingila ma, wadda ta daɗe tana barin na'urar a firamare, ta sanar a 2012 cewa za ta cire ta daga jarrabawar lissafi ta yara masu shekara 11, kuma daga 2014 aka cire ta. Abin da na fahimta daga duka biyun shi ne, amfaninta yana rataye ne a kan mai jagora da kuma lokaci, abubuwa biyu da mai tebur a kasuwa ba ya sayarwa tare da ita.

Da na faɗa wa wani mai sayar da ita wannan ra'ayi nawa, amsar da ya ba ni ita ce wadda iyaye da yawa ke bayarwa. Ya ce, «Malam, ai zamani ne, kowace waya tana da ita, me ya sa za a wahalar da yaro?» Na ce masa, «Alhaji, kai da ka ba ni canji yanzu, na ga ba ka taɓa ta ba.» Gaskiyarsa ce cewa wayar da ke hannun kowace uwa tana da na'urar lissafi a ciki, har ta fi wannan ƙaramar bin ƙa'ida, saboda haka ƙin saye kaɗai bai rufe ƙofar ba, sai an haɗa da sa ido lokacin aikin gida. Amma batun wahala ban yarda da shi ba. Haddar jadawalin ninkawa wahala ce ta ƴan watanni, kuma yaranmu da ke haddace surori a makarantar allo tun suna ƙanana ba haddar 7 sau 8 ce za ta gagare su ba. Wanda ya haddace, kansa yana samun sararin tunani a kan ainihin matsalar, wanda bai haddace ba kuwa duk lokacin da ya ci karo da ƙaramin ninki sai ya tsaya ya nemi maɓalli, kafin ya dawo ya manta abin da ake tambaya. A kwaleji, inda za a ce ya rage kaso 42 bisa 56 ko ya warware lissafi mai haruffa, ana buƙatar ido ya gane nan take cewa 7 tana shiga cikin lambobin biyu, kuma babu maɓallin da zai ba shi wannan idon.

Inda na ga ta yi amfani na gaske shi ne da yaran CM1 da CM2 waɗanda suka riga suka riƙe jadawali, kuma da sharaɗin ni ke riƙe da ita. Nakan sa yaro ya fara faɗin kimanin amsa, ya ce 48 sau 21 zai kai wajen dubu, sannan ya yi da hannu ya samu 1008, sai a ƙarshe a buga a gani. Idan amsoshin suka saɓa, ba na ce masa na'ura ce ke da gaskiya, nakan ce mu nemo wanda ya yi kuskure tsakaninsa da yatsan da ya buga. Akwai kuma wasannin da take sauƙaƙawa. A rubuta 5738 a ce yaro ya mai da 7 ɗin sifiri da bugu ɗaya: wanda ya ɗebe 7 zai ga bai yi ba, sai ya yi tunani ya gano 700 ce zai ɗebe, kuma wannan darasin matsayin lamba ne mai kyau ƙwarai. A buga 37 sau 3 a ga 111, 37 sau 6 a ga 222, a ce ya faɗi abin da 37 sau 9 zai bayar kafin a taɓa maɓalli, sannan ya bayyana dalili. A yawancin irin waɗannan na'urori idan ka tara 7 ka ci gaba da danna alamar daidai, za ta riƙa ƙara bakwai-bakwai, sai yaro ya riƙa rigan ta faɗi. A duk waɗannan yaron ne ke lissafi, na'urar shaida ce kawai. Tun 1976 kamfanin Texas Instruments ya fito da wata na'ura ta yara mai suna Little Professor, wadda ita ce ke ba da tambaya yaro ya amsa, kuma a ganina irin wannan juyin ne ya dace da ƙananan shekaru. Ko duba amsa ma ba dole sai da na'ura ba, tunda ana koyar da gwajin amsa da lamba 9 a makarantunmu, ana kuma koya wa yaro ya duba ɗebewa da tarawa, ya duba rabawa da ninkawa.

Idan yaro ya shiga kwaleji kuma malamin lissafi ya ce a kawo na'ura, to ba wannan ƙaramar ba ce za a saya, domin kuskuren 45600 da na ambata zai bi shi har can. Abin da ya dace shi ne na'urar kimiyya, kuma wadda na fi sani ita ce Casio fx-92 Collège, da aka ƙera domin tsarin karatu na Faransanci. Tana bin ƙa'idar fara ninkawa kafin tarawa, tana rubuta kaso yadda ake rubuta shi a littafi, sama da ƙasa, tana amfani da waƙafi kamar yadda aka saba a ajinmu, tana kuma da maɓallin rabawa mai nuna saura, wato 17 a raba 5 ta ce 3 saura 2. Tana nuna dukan abin da aka buga a gilashi, saboda haka ɗalibi yana iya komawa ya ga inda yatsansa ya kauce. Kuɗinta ya ninka na ƙaramar sau da yawa, amma tana iya kai ɗalibi har BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, idan ya kula da ita. Ita ma ba zan ba ɗan firamare ba, domin ingancinta bai canza abin da yaron ke buƙata ba, yawan maɓallanta ma ruɗa shi zai yi. A kula kuma, kasuwa cike take da na jabu masu kwaikwayon sanannun sunaye, shi ya sa ya fi kyau a saya a kantin littattafai da za a iya komawa idan an samu matsala.

Ga mai shago ko mai ɗinki ko uwargida mai riƙe da littafin adashe, ƙaramar tana yin abin da ake buƙata, kodayake mai yawan lissafi gara ya nemi babbar ta tebur mai lambobi 12, domin lambobi 8 ba su kai miliyan ɗari ba, kuma manyan maɓallai sun fi jure aiki. Kafin a biya, a cika gilashin da lamba 8 daga farko zuwa ƙarshe domin a ga ko akwai layin da ya mutu, a danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya a tabbatar ba ya maimaita kansa, a buga 2 a tara da 3 a ninka da 4 domin a san irin wadda ake saye, idan ta ce 20 mai bin jeri ce, idan ta ce 14 mai bin ƙa'ida ce, sannan a juya bayanta a ga ko murfin batirin yana da kusa. Uban da ya zo sayayyar ɗan CP ko CE1 kuwa, shawarata ita ce ya mai da kuɗin ga allo mai kyau da kwalin alli da littafin atisayen lissafi na ajin yaron, ya kuma tambayi malamin ajin wane jadawali ake kai a wannan zango domin a riƙa bin sa a gida.